Gidanmu na gado ya gaji: in sake shi da ginin ƙasa ko in bi bulo kamar kowa?

Ɗan_Tofa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, don Allah masu sani su taimaka. Gidanmu na gado yana wani ƙauye a ƙasar Dawakin Tofa, kakanmu ne ya gina shi da tubali da azara. Daminar bana ta kayar da katangar gabas da ɗakin da ake zuba hatsi, azara biyu kuma sun karye a zaure, yanzu da gungumen darbejiya aka tokare rufin. Ni a Ɗorayi nake zaune, ina 'yar sana'ata a Kantin Kwari, amma Inna tana can da ƙanwar babanmu, sun ce ba za su dawo birni ba ko da me za a ba su. Mun yanke shawarar a rushe a sake sabo. Inda muka rabu da 'yan'uwana shi ne, ni so nake a maido shi yadda yake, zaure da shigifa da zankwaye da komai, ginin ƙasa sosai. Yayana ya ce wannan son zuciya ne irin na ɗan birni, a buga bulo a sa kwano a huta. Wa ya taɓa gwada irin wannan? Har yanzu ana samun maginan da suka iya?

Bakano_Zalla:
Wa'alaikumus salam. Wallahi ka burge ni. Yi na ƙasa, kar ka saurari kowa. Gidan Makama tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa yake tsaye, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A nuna mini gidan bulo ɗaya a Kano da zai yi rabin wannan shekarun.

Abu_Sumayya:
Bakano_Zalla, ka faɗi gaskiya amma rabinta. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa ba haka kawai suke tsaye ba, gyara ake yi musu, ana sake yaɓe, ana canza abin da ya ruɓe, kuma akwai hukumar da ke da alhakinsu. Shi ɗan'uwanmu wa zai riƙa yi masa wannan? Tsofaffi mata biyu? Ka je ka dubi ganuwa, ita ma ƙasa ce, ka ga yadda ta koma inda aka daina kula da ita.

Maman_Hanifa:
Hmm. Ku maza daɗin baki ne da ku a kan ginin ƙasa saboda ba ku ne kuke kwana kuna tara roba da kwanon sha a tsakar ɗaki ba. A gidan ƙasa na tashi a Yakasai. Duk watan Agusta idan aka yi ruwan kwana, uwarmu ba ta runtsawa, kunnenta na kan rufi. Ga ƙasa na zubowa a kan gado, ga kunama, ga gara ta cinye mata lefe guda a cikin adaka. Ranar da aka sa mana kwano har sadaka ta yi. Ɗan_Tofa, ka tambayi Inna tukuna me take so, ita ce mai kwana a ciki.

Ɗan_Tofa:
Hajiya Maman_Hanifa, na tambaye ta. Cewa ta yi ita dai kar a taɓa mata tsamiyar tsakar gida da rijiya, kuma kar a yi mata ɗakin da zai dafa ta da bazara kamar na maƙwabtanmu. Sun yi bulo da kwano ba silin, daga azahar ba mai iya zama a ciki, a gindin tsamiyarmu matansu suke wuni.

Jikan_Magini:
Bari in sa baki, don wannan sana'ar gidanmu ce, kodayake ni yanzu tayil nake sawa. Na yi wa kakana lebura tun ina ɗan shekara goma.

Na farko, ginin ƙasa ba wai a haƙo ƙasa a kwaɓa ba ne. Jar ƙasa mai birji ake nema, a zuba mata ruwa, a sa ciyawa da kashin doki ko na jaki, a tattake da ƙafa, a rufe a bar ta ta kwana biyu ko fiye, a dawo a sake tattakewa. Kakana yakan ce sai ta yi wari sannan ta nuna. Daga nan a cura tubali, a shanya har ya bushe ƙarau. Da rani ake wannan aiki, wanda ya fara bayan an yi ruwan shuka ya yi asarar kuɗinsa. Bango kuma ƙasansa ya fi samansa kauri nesa ba kusa ba, yana hawa yana sirancewa. Yaran yanzu sai su ja maka shi sambal kamar na bulo, kauri ɗaya, shi ya sa yake kwanciya.

Na biyu, azara. Daga giginya ake faso ta, kuma ta namijin giginya wadda ta tsufa ake so, ita ce gara ba ta iya ci. Amma ba ta ɗaukar nauyi in faɗin ya wuce kamar ƙafa shida ba tare da tallafi ba, shi ya sa ɗakunan mutanen da ba su cika faɗi ba. In kana son babban zaure sai a yi bakan gizo, a riƙa jera azara ana tura ta gaba kaɗan kaɗan daga bango biyu ana ɗaurewa har su haɗe a sama, in an gicciya su shi ne ɗaurin guga. Wannan shi ne aikin da masu iya shi suka yi ƙaranci. A kan azara a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, a karkata rufin zuwa indararo.

Na uku, abin da ke tare ruwa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Laso kuma ana haɗa shi da katsi, wato abin da ake kwashewa a gindin rijiyar marina, da gashin da ake kankarewa a majema, da dafara. Rufin da aka yi wa laso na gaske yana shekaru bai yi yoyo ba. To yanzu marina nawa ta rage tana aiki? In ka cire ta Ƙofar Mata sai ɗaiɗaiku. Ka ga kayan aikin ma sun zama abin nema.

Ba hana ka nake ba. Ina dai gaya maka abin da za ka tarar.

Sadauki_77:
Allah ya ƙara basira Jikan_Magini. Yau na san ma'anar laso, da ina jin kalmar ne kawai a bakin kakata.

Injiniya_Hotoro:
Malam Ɗan_Tofa, akwai hanya ta uku, ba lallai sai tubali ko bulon siminti ba. Ana buga bulon jar ƙasa da inji mai matsewa, a sa siminti kaɗan a ciki, galibi kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari gwargwadon irin ƙasar. Akwai injin Hydraform, akwai kuma irin wanda NBRRI, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta gwamnatin tarayya, take ƙerawa. Bayan an buga sai a lulluɓe da leda ana yayyafa ruwa na wasu makonni kafin a hau gini. Launin jar ƙasar yana nan, sanyin yana nan in bangon ya yi kauri, kuma ba ya narkewa kamar tubali.

Kafin komai ka gwada ƙasar garinku. Zuba ta a kwalba zuwa rabi, cika da ruwa, girgiza sosai, ajiye ta kwana. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama. In laka ta yi yawa bulon zai tsattsage sai an ƙara yashi.

Sannan ginin ƙasa kowane iri ne, ruwa ne ke kashe shi, ta sama da ta gindi. Yi fandisho da dutse ko kankare, ka ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida, sannan ƙasa ta hau. Ina da yaƙinin katangarku ta gabas daga gindi ta fara ci, kuma ai daga gabas hadarinmu yake tasowa, ita ce ke shan dukan ruwa.

Ɗan_Tofa:
Injiniya kamar kana wurin. Gindin ne ya zaizaye har mutum na iya tura hannu.

Bakano_Zalla:
To in an sa siminti da inji ina gargajiyar take kuma? Wannan ai bulo ne ya shafa jan kwalli.

Zainabu_Mai_Zane:
Bakano_Zalla, gargajiya ba ta tsaya wuri ɗaya ba ko a da. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, abin da ya yi sabo ne a zamaninsa. Ku dubi maƙwabtanmu na Nijar ma. Masallacin Yaama a jihar Tawa, Falke Barmu ya fara shi a 1962 da ƙasa zalla, ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun gina sabon masallaci da wannan bulon ƙasa da Injiniya yake faɗa, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu maimakon su rushe shi, an gama a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso da makarantar ƙasa ta ƙauyensu Gando ya yi suna, har ya karɓi Pritzker, babbar kyautar masu zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Mu ne kawai muke ganin ƙasa alamar talauci ce.

Amma ni abin da na fi so Ɗan_Tofa ya riƙe shi ne tsarin gidan, fiye da abin da aka gina shi da shi. Baƙo ya tsaya a zaure, ƙofar zaure da ta shigifa kar su kalli juna yadda na waje ba zai hango cikin gida ba, turaka a inda maigida ke ganin mai shiga da fita, tsakar gida a buɗe mata su sha iska su yi daka su yi shanya. Na ga gidaje da yawa a sababbin unguwanni, an ɗora zankwaye na siminti an zana dagi a saman get, kana shiga sai falo da labule, matan gida a kulle a ɗaki ko taga ba su iya buɗewa. Wannan kwalliya ce kawai.

Alhaji_Na_Kurmi:
'Yata Zainabu, Allah ya yi miki albarka. Zaure shi ne mutuncin gida. A nan ake ɗaurin aure, a nan ake zaman makoki, a nan almajiri da matafiyi ke kwana, a nan ake fito da tuwon dare maƙwabta su haɗu. Tun da aka daina zaure aka daina ciyayya.

Kwamared_Sabo:
Baba Alhaji, a gafarce ni, ba rashin zaure ne ya kashe ciyayya ba, tsadar masara ce. Ga zaurukan nan birjik a cikin gari an fasa su an yi shaguna.

Alhaji_Na_Kurmi:
Yaro, an sha yunwa a ƙasar nan kafin a haife ka, ba a daina fito da akushi ba.

Malam_Mai_Allo:
Ban ga wanda ya taɓo wani abu ba, kuma shi ne gaba da zancen azara. Ɗan_Tofa, ka ce gidan gado ne, kuma kakanku ya gina. An raba gadon? Ƙanwar mahaifinku da ke ciki tana da haƙƙi a gidan ubanta, haka sauran 'yan'uwan mahaifinku maza da mata, wanda ya rasu a cikinsu bayan kakanku rabonsa ya gangara ga nasa magadan. In ka zuba kuɗinka a filin da ba naka kai kaɗai ba, gobe ko bayan ranka rigima ce. Ku zauna, a kira malami da mai unguwa ko dagaci, a san rabon kowa, wanda ya yafe ya yafe a rubuce da shaidu, wanda za a biya a biya shi. Kar a kai gatari jikin bango kafin wannan.

Uwar_Marayu:
Allah ya saka da alheri Malam. Abin da ya same mu ke nan. Mijina ya rushe na gidansu a wajen Gezawa ya yi sabo da kuɗinsa, kowa na sa albarka. Yana rasuwa 'yan'uwa suka ce gidan gado ne, aka yi masa kuɗi da ginin da komai aka raba. Ko takarda ɗaya ba mu da ita. Ba na son tunawa.

Ɗan_Tofa:
Innalillahi. Allah ya ji ƙansa Hajiya, ya raya abin da ya bari. Malam, gaskiya ba a raba ba, an dai bar shi a hannun babanmu saboda shi ne babba. Gonaki aka raba. Na karɓi wannan gyara.

Sadauki_77:
Mu dawo kan kuɗi don Allah. Wanne ya fi sauƙi? Tun da siminti ya haura dubu goma a farkon 2024 ni na ajiye fulotina a Rijiyar Zaki ina kallo.

Birkila_Auwalu:
Kar wanda ya ruɗe ku cewa ƙasa kyauta ce. Da can ne, da ake haƙa a bayan gida, shi ya sa kududdufai suka cika cikin birni. Yanzu tifa za ka saya. Da ana gayya, matasan gari su fito a dama fura a cura tubali dubu a wuni, yanzu kowa kuɗin yini yake so. Azara mai kyau daga nesa ake kawo ta, ka leƙa 'Yan Katako a Na'ibawa ka ji farashi. Bangon bulo ni da yara biyu za mu tayar maka da ɗaki a kwana kaɗan, na tubali sai an riƙa jira sahu ya sha iska kafin a ɗora wani. Abin da ka rage a siminti zai tafi a lada.

Injiniya_Hotoro:
Auwalu, a birni maganarka haka take. A ƙauye in ƙasar na kusa lissafin yana canzawa. Kuma kar a manta tsohon gidan kansa ƙasa ce, in an rushe ana jiƙa ta a sake aiki da ita, azarar da ba ta karye ba ma a tsince ta. Sannan ba ka sa kuɗin fanka da sola da zai saya don ɗakin bulo ya zaunu a watan Afrilu ba.

Jikan_Magini:
Wannan gaskiya ne, tsohuwar ƙasar bango ta fi sabuwa daɗin aiki, ta riga ta nuna. Azarar kakanku kuwa, Ɗan_Tofa, kar ka bari a yi girki da ita. Wadda ta yi shekara hamsin gara ba ta taɓa ta ba, ba za ka samu irinta a kasuwa ba.

Garba_Direba:
Ni dai gargaɗi ɗaya. Kar ka yi kuskuren da na yi. Ɗakin tsohuwata na ƙasa na sa aka yi wa fulasta da siminti don ya yi kyan gani. Damina biyu ya yi, ta uku fulastar ta ɓanɓaro faifai guda, muka tarar bayanta duk ya jiƙe ya zama taɓo. Ashe ruwa na shiga ta tsaga ba ya samun hanyar fita. Wanda ya yi mini aikin bai ce mini komai ba, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Maman_Hanifa:
To kun ji. Kuma ba wanda ya ba ni amsar zancen rufi. Ku ce mini wa zai hau saman soro duk shekara kafin damina ya toshe tsaga ya share indararo? Inna? Matasan ƙauyen duk suna nan birni suna tuƙa adaidaita.

Zainabu_Mai_Zane:
Anti Maman_Hanifa, tambayarki ita ce ta fi kowacce nauyi a nan. Ni da zan ba shi shawara, ɗakunan kwana a yi musu kwano mai baki da ya fito sosai ya kare bango, a yi silin a bar iska na ratsa tsakani. Zaure kaɗai a yi masa rufin azara da zankwaye, in ma ya yi yoyo ba a kan gadon kowa ba. Abin da ba na so shi ne a ɓoye kwano a bayan rawanin bango don a ce soro ne. Ganye na toshe magudanar, ruwa ya taru ya bi cikin bango, ka ga an gudu ba a tsira ba.

Bakano_Zalla:
Kwano a kan jar ƙasa kamar babbar riga ce da takalmin ƙwallo. Amma na ji, tunda Hajiya ta tsare mu da zancen yoyo.

Kwamared_Sabo:
Tambaya tsakani da Allah, Ɗan_Tofa: kai za ka koma ka zauna a ciki? Ko dai gidan zuwa Sallah ne da ɗaukar hoto? Don na lura masu kukan a dawo da ginin gargajiya duk a gidan tayil suke kwana. Mutumin ƙauye burinsa ya yi bulo a ce shi ma ya samu. Yayanka da ka ce yana adawa, a ina yake zaune?

Ɗan_Tofa:
Kwamared ka soke ni a inda ya dace. Yaya a can yake, gidansa na jikin namu, shi ne mai noma gonakin. Da na kawo zancen ƙasa cewa ya yi, mutanen gari za su ce ƙaninsa na Kwari ya karye. Ni kuma ina da niyyar komawa in Allah ya ja kwana, amma ba zan yi ƙarya in ce gobe ba.

Alhaji_Na_Kurmi:
To ɗana, kar ka yi abin da zai ɓata tsakaninka da yayanka a kan bango. Shi zai hau rufin nan in ya tsage, ba kai ba. In bai yarda da ginin a ransa ba, ba zai kula da shi ba. Ka ɗauko shi ka kawo shi birni, ku shiga Gidan Ɗan Hausa da tsakar rana ya ji sanyin da jikinsa, in da hali ku je ya ga gidan da aka yi da bulon nan na Injiniya. Gani ya kori ji.

Hajjo_Gwammaja:
Ni ban san gini ba, amma a tuna da kayan ɗaki. Gadajen yanzu da sif ba sa shiga ƙofar ɗakin da. Bikin ƙanwata sai da aka fasa ƙofa aka shigar da gado. Kuma a yi wa tsofaffin nan banɗaki a kusa, kar a ce gargajiya a bar su suna ratsa tsakar gida da dare da buta.

Injiniya_Hotoro:
Hajjo ta kawo magana. Banɗaki da wurin wanke-wanke a yi su da bulon siminti, a nesanta ramin da rijiya da kuma bangon ƙasa. Wayar wuta a bi da ita ta cikin bututu tun ana gini, kar a zo daga baya ana sassaƙar bango.

Jikan_Magini:
Ka tambaya ko ana samun magina. Ana samu, amma yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuma irina ne, mun gudu. Ka yi tambaya a cikin gari ta wajen masu gyaran tsofaffin gidajen sarauta, Sarkin Magina ai sarauta ce da ake da ita, mutanensa sun san wa ya iya wa bai iya ba. Duk wanda aka kawo maka, ka ce ya kai ka ka ga bakan gizon da ya ɗaura da hannunsa wanda ya sha damina biyar. In ya fara kame-kame ka sallame shi. Kuma in za a yi, ka sa yaran ƙauyenku biyu ko uku su yi masa lebura, ko ba komai a samu wanda ya san yadda ake yaɓe in ya tafi.

Ɗan_Tofa:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ranar Juma'a zan je gida, zancen gado zan fara ɗagawa kamar yadda Malam ya ce. Na kira Yaya ɗazu na karanta masa wasu daga cikin maganganunku. Zancen zaure ya ce ba shi da ja, amma ɗakin Inna sai dai bulo. Da na ce akwai bulon ƙasa sai ya yi dariya ya ce in kawo guda ɗaya ya jiƙa shi a bokiti ya kwana, in ya wayi gari lafiya sai mu yi magana.

Injiniya_Hotoro:
Ka ce masa na yarda da sharaɗin. Ka biyo ta Hotoro kafin Juma'a in ba ka guda biyu, ɗaya na bokiti ɗaya na Inna ta taɓa ta ji.

Bakano_Zalla:
A haɗa da bulon siminti na kasuwa a bokitin, irin wanda ake buga hamsin da buhu ɗaya. A yi adalci.

Sadauki_77:
Injiniya, ni ma ina so in gani. Wannan bulon ana yarda a yi gini da shi a cikin birni, ko sai ƙauye? Kuma ƙasar Rijiyar Zaki za ta yi?